Tawada a Kujerar Ango

Tun kafin masu tallan koko su fara ratsa lungun, Bahijja tana durƙushe a gaban kujerar, tana goge ta da tsumman da ta jiƙa da ruwan lemon tsami, hawayenta na ɗiga a kan fatar suna gangarawa tare da baƙin ruwan da ke bin tsumman... Wayyo Allah! Tabon ya dawo! Jiya da magariba da idonta ta ga ya dusashe ya zama kamar inuwa, har ta yi sujadar godiya a kan simintin ɗakin. Amma ga shi yau da asuba ya sake fitowa a tsakiyar mazaunin, baƙi wuluk, ya fi na jiya faɗi, gefensa ya yi yatsu-yatsu kamar wani ya dafa tafin hannunsa a wajen ya tashi. Kujerar fata ce mai ruwan madara, ta zaman mutum ɗaya, ita ce mafi kyau a saitin da aka saya wa Ikram, 'yar baffanta, don ɗakin aurenta. Hajiya Turai, uwar amarya, ita ta sa mata suna kujerar ango, kuma tun ranar da aka shigo da ita gidan ta kafa doka: ko da wasa kada wani mahaluki ya ɗora mazaunansa a kai, ango Aminu ne zai fara zama.

Bahijja marainiya ce gaba da baya. Mahaifiyarta ta rasu tun ba a yaye ta ba, mahaifinta kuwa, Malam Maharazu, marubucin Alƙur'ani ne da duk Koki ta san hannunsa, ya bi bayan matarsa shekarar da Bahijja ta gama sakandare. Gidan na gado ne, shi da ƙanensa Alhaji Abdulbaƙi suka tashi a ciki, don haka da ya rasu riƙon yarinyar ya koma hannun Baffa da matarsa Hajiya Turai. Ba a yi arba'in ba aka kwashe littattafan Malam aka rabar, ɗakinsa ya koma ma'ajiyar tarkace, da bikin Ikram ya matso kuma aka cika shi da kayan ɗakin amarya. A nan, a 'yar tazarar da ta rage tsakanin kujeru da kwalayen tangaran, Bahijja ke shimfiɗa tabarmarta. Abu ɗaya ya rage mata na mahaifinta: kurtun tawadarsa, ɗan ƙaramin duma da ya yi sheƙi saboda shekarun da ya yi ana riƙe shi. Tawadar da ke ciki da hannunsa ya dafa ta da ƙaro da gabaruwa a damuna ta ƙarshe da ya gani. Ba ta rubutu da ita. Idan kewa ta yi mata yawa sai ta cire toshiyar ta shaƙi ƙamshin, ta mayar, ta ajiye a kan taga.

Ranar da abin ya faru Ikram ce ta shigo da ƙawayenta za ta nuna musu kaya. Ta yaye ledar da aka lulluɓe kujerar da ita tana dariya, sai dariyar ta koma ihu. Gida ya taru. Hajiya Turai ta kutso ta tsaya a kan kujerar, kuma abin da Bahijja ba ta taɓa mantawa ba shi ne ba ta yi ihu kamar kowa ba. Ta daɗe tana kallon tabon kamar wadda ta ga gawa ta motsa. Sannan a hankali idonta ya tashi ya sauka a kan taga.

"A ɗauko min kurtun can," in ji ta.

Aka ɗauko, aka buɗe, aka karkata shi a hasken ƙofa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tawadar da Bahijja ta bari kusan cike ta koma can ƙasa!

"Farraƙu!" Sai a lokacin muryar Hajiya Turai ta tashi, ta cika tsakar gida har maƙwabta. "Farraƙu ta yi wa 'yata! So take ango ya zauna ya ji ya tsani Ikram! Jama'a ku zo ku ga sakayyar riƙon maraya! Na ci da ke, na sha da ke, ashe tsafi kike kwana kina yi min a cikin kayan 'yata!"

"Umma, wallahi tallahi ban taɓa ba... Umma, ko ledar ban taɓa ɗagawa ba..."

"Rufe min baki, mai fuskar salihai! Wa ke kwana a ɗakin? Wa ke da tawada a gidan nan? Ni ce 'yar malam?"

Baffa Abdulbaƙi mutum ne mai sanyi, wanda a kasuwa ake jin maganarsa amma a gida ba a taɓa jin ya ce a'a ba. Ya dubi kurtun, ya dubi 'yar ɗan'uwansa, ya ce a sanyaye ai sai a mayar da kujerar wajen masu yin ta su sake mata fata, magana ta wuce. Hajiya Turai ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. "Ba inda za a kai ta! A farke min kujera a bakin titi, garin Kano ya ji an yi wa 'yata asiri? Wadda ta ɓata ita za ta gyara!" Ta ci gaba da magana a kunnensa har sai da ya furta hukuncin da take so: in har ranar jere ta zo, ranar da dangi za su kwashi kaya su shirya ɗakin amarya, tabon bai fita ba, to Bahijja za ta bar gidan, a kai ta ƙauyen dangin uwarta da ba ta taɓa takawa ba, kuma shi babu shi babu ita. Kafin ya rufe baki Ikram ta fizgi kurtun ta maka shi da ƙasa. Ya tarwatse. 'Yar tawadar da ta rage ta bi tsagin siminti ta shige, Bahijja ta faɗi a kai tana tattara ɓaraguzan da yatsunta tana kiran "Baba... Baba..." kamar yau aka fita da shi.

Tun daga ranar ba ta da wani aiki sai kujera. Ta fara da sabulu da ruwan ɗumi. Ta koma lemon tsami. Wata maƙwabciya ta ce madara, ta jiƙa auduga da madara ta dinga dannawa. A waya ta karanta cewa sifirit yana ɗauke tawada daga fata in an bi a hankali ba a cuɗa ba, ta sayo a kemis, ta bi tabon daga gefe zuwa tsakiya, audugar na yin baƙi tana canzawa, har fatar ta yi haske. Ta gwada man goge baki, ta gwada turaren fesawa, ta gwada kalanzir. Kowanne sai ya yi kamar ya yi aiki. Kullum da yamma tabon na tafiya, kullum da safe yana dawowa, kuma duk dawowa sai ya ƙara faɗi. Damuna ce, bangon ƙasa na tsattsafo da danshi, ɗakin ba ya bushewa, ita ma kujerar ba ta bushewa. Da Hajiya Turai ta gaji sai ta dire mata robar haifo, ruwan nan mai ƙarfi na wanke fararen kaya, ta ce da shi za ta goge, kuma da hannu. Fatar kujerar ta fara tsagewa, fatar hannun Bahijja ta fara saɓulewa. Aka dake ta a kan tsagewar kujerar. Na hannunta ba wanda ya tambaya.

Amma ba dukan ne ya fi ci mata rai ba, ba kuma yadda aka ware mata kwano da kofi ba, ko yadda matan lungu ke janye 'ya'yansu in ta fito ɗibar ruwa, ana nuna ta da baki ana cewa ga 'yar Malam Maharazu mai asiri. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙamshin. Duk lokacin da ta sunkuya a kan tabon, ƙamshin ƙaro da gabaruwa ke dukan hancinta, ƙamshin babbar rigar mahaifinta, ƙamshin yatsunsa lokacin da yake shafa kanta. Tawadarsa ce, babu ko shakka. To yaya aka yi ta bar kurtu ta hau kujera? Da tsakar rana, in gida ya yi tsit kowa ya kwanta ƙailula, sai ta riƙa jin kamar ƙarar alƙalami a kan takarda, ƙar... ƙar... daga kusurwar da mahaifinta yake zama. Ta juya, ba kowa, sai kwalaye. Ta fara tsoron barcinta. Ko ita ce ke tashi cikin barci ta yi abin ba ta sani ba? Ko wani abu ne a jikinta da mutane suka gani ita ba ta gani ba? Har ɗaure ƙafarta ta yi da ɗankwali a jikin ƙarfen taga kafin ta kwanta, ta farka ta tarar da ƙullin yadda ta bar shi, tabon kuma ya dawo. Ta ɗaga hannayenta da suka kumbura sama, ko haɗa su ba ta iya yi sosai, ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da kowa... In ni ce, Ka nuna min in tuba. In ba ni ba ce, Ka wanke sunan mahaifina, don ba ni kaɗai ake zagi ba... Ya Allah, ban san kowa a ƙauyen nan ba. A ɗakin nan Baba ya koya min alif, kada Ka bari a fitar da ni da wannan sunan..."

Ana gobe jere gidan ya cika da mata. Tabon kuwa ya mamaye mazaunin kujerar gaba ɗaya. An riga an gaya wa direban da zai kai Bahijja tasha ya zo da sassafe. Bayan la'asar sai ga Gwaggo 'Yardada daga Shahuci, babbar yayar su Malam Maharazu da Baffa, tsohuwa mai jiki, mai ciwon gwiwa, wadda bakinta ba ya tauna magana. Ciwon ne ya hana ta zuwa tuntuni, labarin ma a bakin wata mai kitso ta ji. Ta shigo tana dogara sanda tana haki, sanye da farin leshi, ba ta amsa gaisuwar kowa ba.

"Ina 'yar Maharazu?"

"Yaya, sannu da zuwa, ki shigo falo ki huta tukuna," in ji Hajiya Turai tana murmushi.

"Ban zo hutu ba. Na ce ina 'yar Maharazu?"

Ta sami Bahijja a durƙushe a gaban kujerar, inda ta saba. Tsohuwar ta kamo hannayen yarinyar ta juya su, ta ga yadda suka yi jawur suka farfashe, wasu wuraren na tsattsafar da ruwa. Sannan ta ce a kira mata Abdu, don ita har yau haka take kiran Alhaji Abdulbaƙi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, mata suka yi cirko-cirko a bayansa.

"Abdu, wannan hannun 'yar ɗan'uwanka ne ko ƙafar kaza aka babbake?"

"Yaya, abin ne da ɗaure kai... an ga tawadar..."

"An ga tawada! A gidan da aka haife ku cikin tawada, ita ce yau abin tsoro?" Ta juyo wajen Bahijja, muryarta ta sauka. "Ke 'yar nan, dube ni. Kin yi?"

"Gwaggo, ban yi ba... amma na rasa yadda zan yi a yarda... ni kaina na fara..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Tsohuwar ta nisa. Gwiwoyinta sun gaji da tsayuwa, ta waiga tana neman wajen zama, ba komai a kusa sai kujerar. Ta ja gefen ledar ta rufe tabon, ta juya baya za ta zauna.

"Yaya, kada ki zauna!" Ihun Hajiya Turai ya sa har yaran da ke tsakar gida suka yi tsit. Ta ture matan da ke gabanta ta miƙo hannu. "Kada ki zauna! Ta ango ce! Shi zai fara..."

"Ikon Allah! Kujerar da kika ce an yi wa farraƙu, ita kike tanadar wa surukinki ya fara zama? To ni bari in zauna, in ya so a raba ni da ciwon gwiwa."

Ta saki jikinta gaba ɗaya a kai.

Kujerar ta yi wata irin ƙara, kamar an matse jiƙaƙƙen tsumma. Sai aka ji ɗis... ɗis... ɗis... Bahijja da ke durƙushe a ƙasa ita ta fara gani. Daga ƙarƙashin kujerar baƙin ruwa ke ɗiga a kan siminti, yana taruwa, yana miƙewa kamar siririn maciji ya nufi ƙofa. Ta gefen ɗinkin mazaunin ma yana ɓulɓulowa, ya zagaye ledar ya kama farin leshin Gwaggo. Mata suka ja da baya suna salati.

"A ciki yake..." Bahijja ta faɗa a hankali, kamar mai magana cikin mafarki. "Gwaggo, a ciki yake! Ba a sama aka zuba ba! Duk ruwan da nake sawa soson ne ke shanyewa ya turo min shi waje... shi ya sa yake dawowa!"

Gwaggo 'Yardada ta miƙe da ƙyar, ta dubi bayan zaninta, ta ce, "Ku kifa min ita." Hajiya Turai ta faɗa kan kujerar ta rungume ta tana cewa ba mai taɓa kayan 'yarta, sai da mata biyu suka janye ta. Aka kifa. A jikin baƙin yadin da aka rufe ƙasan kujerar da shi, ga wata tsaga kamar tsawon tafin hannu, an ɗinke ta da hannu, da koren zare, ɗinki ƙanana a gicciye, an ƙulle ƙarshensa sau biyu. Aka kawo reza. Gwaggo ta farke ta zura hannu cikin soson da ya jiƙe sharkaf, ta lalubo, ta zaro wani ƙulli yana ɗigar baƙin ruwa. Ta warware shi a kan faranti. Hula ce ta namiji, an naɗe silin kitson mace a cikinta, an ɗaure su tam da zare.

"Hular Aminu!" Bakin Ikram ne ya suɓuce, ta yi saurin toshe shi da hannu.

"Kun gani ko!" Hajiya Turai ta yi tsalle tana tafa hannu. "Kun gani da idonku! Ita ta sace ta ranar da ya zo zance ya cire zai yi alwala! Ita ta cusa! Me kuma kuke jira?"

Idanu suka sake komawa kan Bahijja. Wayyo! Ashe ko da aka buɗe cikin kujerar, ita ɗin dai za a nuna!

Baffa Abdulbaƙi bai dubi kowa ba. Ya tsuguna a gaban kujerar da aka kifa, ya sa ɗan yatsa yana shafa ragowar koren ɗinkin, yana bin gicciyen ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙullin. Fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya fita. Aka ji takunsa ya nufi turakarsa, aka ji ya dawo. A rungume a ƙirjinsa ga tsohon tumtum ɗinsa, matashin nan na jar fata aikin dukawa, wanda yake jingina da shi kullum in zai ci abinci, tun yana ango. Ya dire shi a tsakiyar ɗakin ya juya ƙasansa sama. Ga shi nan. Koren zare, ya koɗe saboda tsufa, ƙanana a gicciye, an ƙulle ƙarshen sau biyu.

"Shekara da shekaru yatsana na taɓa ɗinkin nan," in ji shi. "Na ɗauka gyara ne."

"Alhaji... Alhaji, don girman Allah..."

Ya karɓi rezar daga hannun yayarsa ya farke. Audugar rimi ta zubo, ta ciki ta dunƙule ta yi baƙi ta bushe kamar gawayi. A tsakiyarta ga ƙulli. Da ya warware sai da yadin ya kakkarye, amma aikin zaren da ke jiki bai ɓace ba. Hula ce, da silin kitso a cikinta.

"Hular ɗaurin aurena," ya ce. "Wadda na nema har na gaji a satin biki, kika ce ɓarayin taro ne." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Turai, ranar da hular nan ta ɓata, ko uwar Bahijja ba a auro ba. Ita ma yarinyar ce ta cusa?"

Gwaggo 'Yardada ta tafa hannu a hankali. "Wannan ba farraƙu ba ne, jama'a, mallaka ce. Shi ya sa ake tsare wa ango kujera. To ga shi ni na riga shi zama. Ikram, sai ki fara ba ni umarni, yau ni ce mijin."

Ba wanda ya iya dariya. Hajiya Turai ta sulale ta zube a ƙasa, ɗankwalinta ya zame. "Don 'yata na yi..." ta ce, tana kallon siminti. "Kada ta wulaƙanta a gidan miji... Bokan ya ce a jiƙa ƙullin da tawadar gida, ta malamin da ya rasu ta fi ƙarfi... Na ɗiba a kurtun tana wajen ɗibar ruwa. A jar fata bai taɓa nunawa ba! Bai taɓa ba! Ita ce ta nace sai mai ruwan madara..." Ta juya ga 'yarta kamar za ta cinye ta. Ikram ta fashe da kuka, ta ce ita gashinta kawai aka ce ta bayar, ta bayar, kuma tun ranar farko ta gane, tsoro ne ya hana ta magana.

"Tsoro bai hana ki fasa kurtun ba," in ji Gwaggo.

Sai Alhaji Abdulbaƙi, dattijo mai furfura, ya durƙusa a gaban 'yar ɗan'uwansa a gaban matan unguwa. Ya so ya kama hannayenta, ya ga ba inda zai riƙe da ba ciwo, ya bar nasa hannayen a sama. "Bahijja... da wace fuska zan haɗu da Yaya Maharazu? Amanarsa ya bar min, na tsaya ina kallo kina narkar da hannunki a kan zunubin da ba naki ba... Ba zan ce asiri ne ya sa ni ba, raunina ne. Ki yafe min, 'yata... ki yafe min..." Bahijja ta kifa kanta a kafaɗarsa ta yi kukan da ba ta samu yi ba tun ranar jana'iza, tana cewa, "Na yafe, Baffa... ni dai kada a fitar da ni... ni dai a ce ba ni ba ce..."

Kuma an faɗa. Washegari, a maimakon jere, Baffa da kansa ya bi lungun gida-gida, yana sallama a kowane zaure yana cewa 'yar Malam Maharazu ba ta da laifi, a gaya wa matan ciki. Hajiya Turai ta bar gidan a ranar, da saki a bayanta. Magana ta isa gidan su Aminu kafin azahar, suka aiko a ɗaga biki, ɗagawar da ba a sake sa mata rana ba. Aka kwashe kayan amarya daga ɗakin Malam, aka yi masa sabon shafe, aka danƙa wa Bahijja mukullinsa. Gwaggo ta tare a gidan tana shafa mata man kaɗanya a hannu safe da yamma har sabuwar fata ta fito, da shekara ta zagayo kuma Baffa ya kai ta jami'a da kansa. Ƙarar alƙalamin nan ta tsakar rana ba ta sake jin ta ba.

Hajiya Turai kuwa tana gidan wanta a Gwammaja, kuma labarin da ke zuwa daga can ba mai daɗi ba ne. An ce ba ta iya zama. Duk abin da aka ba ta, kujera ko tabarma ko bakin gado, da ta ɗora jiki sai ta zabura tana duba bayan zaninta, tana cewa ya fito, ga shi nan yana bin ta. A tsaye take wuni, a tsaye take cin ɗan abin da za ta ci, ƙafafunta sun kumbura. An yi na asibiti an yi addu'a, abin sai a hankali.

Wata Juma'a Bahijja ta ce za ta je ta gaishe ta. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta ɗauki sandarta ta raka ta. Suka same ta a tsakar gida, jingine da bango, ta rame ta yi baƙi, riƙe da wani tsumma tana murza shi a tafin hannu. Ta daɗe tana kallon Bahijja kafin ta gane ta.

"Bahijja... ke ce? Kin goge?" Ta matso, ta rage murya kamar mai tsoron a ji. "Gaya min gaskiya... ya fita?"

Hawaye suka cika idon yarinyar. Ta dubi matar da ta so raba ta da ɗakin mahaifinta, ta nemi ƙiyayya a zuciyarta ba ta samu ba, sai tausayi. Ta cire mayafinta, fari sol, ta shimfiɗa shi a kan dakalin da ke gefe, ta kama hannun Hajiya Turai a hankali.

"A wajena ya fita, Umma. Sauran tsakaninki da Allah ne, Shi kuma Mai gafara ne. Zauna."

Hajiya Turai ta dubi farin mayafin. Ta sunkuya kaɗan, ta tsaya, ta sake sunkuyawa... sannan ta zauna. Ba ta waiga bayanta ba. Ta riƙe hannun Bahijja da hannu biyu ta kifa goshinta a kai, kukanta na fita a hankali, Gwaggo 'Yardada kuma ta juya fuska ga bango tana share ido da gefen gyalenta.

Allah Ka tsare mu da ɗora wa maraya laifin da muka san namu ne, Ka ba masu haƙuri ranar da za a wanke su tun suna da rai.